Me zan faɗa wa matan da ba su binne mazajensu ba ranar Ista?

Mamar Zumunta, Mokolo

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yarinyata ce take buga mini wannan a wayarta, ina faɗa tana rubutawa, don haka ku yi haƙuri in maganar ta yi tsawo.

Ni mutuniyar bayan dutsen Gwoza ce. A 2014 muka tsallako Kamaru da ƙafa, muka zauna a sansanin Minawawo, daga baya na shigo cikin garin Mokolo inda nake toya ƙosai da safe. A majami'armu da Hausa muke sujada, domin kowa da yarensa, ga Gilabda, ga Mafa, ga Guduf, Hausar ce take haɗa mu. Bana dattawan ikilisiya sun ce Zumuntar Mata ce za ta riƙe sujadar asuba ta ranar Ista, ranar tunawa da tashin Yesu daga matattu, mata kuma suka ɗora mini in yi gajeriyar magana.

Tunda aka shiga kwanakin azumi muke haɗuwa kowace Laraba da yamma, in rana ta yi sanyi, muna bin Bisharar Yahaya daga sura 12. Ni a gida na wuce gaba don in shirya. Da na kai sura 20, aya 13, inda Maryamu Magadaliya take cewa an ɗauke Ubangijinta, ba ta kuwa san inda aka sa shi ba, sai na kasa ci gaba. Maganar da nake yi ke nan shekara goma da ɗoriya. Ranar da masu bindiga suka shigo ƙauyenmu, maigidana ya ce in hau dutse da yara, shi zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa da ba ta iya tafiya. Daga ranar ba wanda ya sake ganinsa, ba kuma wanda ya ce ya ga gawarsa. Ba ni kaɗai ba ce. A zumuntarmu akwai wadda nata miji ne, akwai wadda ɗanta ne, akwai wadda 'ya'yanta mata biyu ne.

Kowace Ista mai wa'azi yakan ɗaga murya ya ce kabari babu kowa, mata su rangaɗa guɗa, a buga tulu da caki. Ni ma ina yi, kuma na gaskata Yesu ya tashi, wannan ba na shakkarsa. Amma na san abin da ke zuciyar wadda take zaune kusa da ni: da ma a ce ina da kabarin da zan je in tsaya. To ni da aka ba ni magana, in yi kamar ban san wannan ba? In kuwa na taɓo shi kuka ya ɓarke, ban ɓata wa ikilisiya ranar murna ba? Baba fastoci da malamai da ke nan, ku taimake ni da nassi.

Sai wata ƙaramar tambaya da matan sansani suka aiko ni da ita: wadda awonta ba ya kai ta ƙarshen wata, dole ne ta yi azumi?

Katikis, Marwa

Mama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ta'azantar da ke da sauran iyayenmu mata.

Bari in fara da ta azumi tunda ita ce mai sauƙi. A wurinmu Katolika kwana biyu ne kawai azumi ya wajaba, Larabar Toka, wato ranar farko ta kwanakin azumi, da Juma'ar mutuwar Ubangiji, kuma a kan wanda ya cika shekara 18 bai kai 60 ba. Ko a ranakun nan ana cin abinci sau ɗaya a ƙoshi, a ɗan taɓa kaɗan sau biyu, ana kuma shan ruwa. Sauran Juma'o'in nama ake bari. Mara lafiya da mai ciki da mai goyo ba a ɗora musu ba. Ku, na san tsarinku ya bambanta, amma Ishaya 58 namu ne duka: azumin da Allah ya zaɓa shi ne a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da mara gida cikin gida. Ayar da masu abinci take magana. Matar da mudunta ya ƙare tun ran ashirin ga wata, ita ce wadda ya kamata a kai wa. Ku gaya musu su ci abin da suka samu da godiya, a zafin nan na Maris kuma kada tsohuwa ta hana kanta ruwa.

A kan babbar tambayar, shawarata ita ce ki yi amfani da Asabar. Mutane suna tsallake ta, daga Juma'a sai Lahadi, alhali rana ce guda cur da Yesu yake kwance a kabari. Luka 23:55-56 ya ce matan da suka biyo shi daga Galili sun ga inda aka sa shi, suka koma suka shirya kayan ƙanshi da man shafawa, sa'an nan suka huta ran Asabar bisa ga doka. Kayan gyaran gawa suna hannunsu, ba halin zuwa. A cocinmu ranar nan ba a yin Mas, wato sujadar Jibin Ubangiji, da rana, bagadi a tuɓe yake ba ko ƙyalle, ƙararrawa ta yi shiru tun daren Alhamis, Halleluya kuwa tun Larabar Toka ba a rera ta ba. Sai dare ya yi a hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir, a shiga da shi cikin duhu.

Ki tara matan ran Asabar da la'asar. Ku karanta Zabura 88, wadda ta ƙare ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba, da Makoki sura 3. A yi kukan a nan, a yi shi sosai. Lahadi kuma a bar wa murna. A ganina ke nan, domin akwai yara da sababbin masu bi da suke bukatar su ga ikilisiya tana farin ciki ranar.

Tsohon malamin makaranta, Njamena

'Yar'uwa, na karanta saƙonki da dare, barci ya ƙi zuwa.

Hausata ta kasuwa ce da ta maƙwabta, ki karɓe ta yadda take. Yayana, wanda ya biya mini kuɗin makaranta, an zo an tafi da shi daga gidansa a kudancin Cadi cikin watan Satumba na 1984. Matarsa ta bi su da takalmansa a hannu. Shi ke nan. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwar gwamnatin wancan zamani ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 ne suka hallaka a shekarun nan, da yawa a ramukan da ba suna. Akwai fili a bayan garin nan, Hamral Goz, inda aka zuba mutane. Mun je, mun tsaya, ba mu san ko yana ciki ba. Mahaifiyarmu ta rasu tana ajiye masa rabonsa na gero duk kaka.

Ayar da ta riƙe ni ita ce Maimaitawar Shari'a 34:5-6. Musa, mutumin da ya yi magana da Allah fuska da fuska, ya mutu a ƙasar Mowab, Ubangiji da kansa ya binne shi a kwari, kuma nassi ya ce har wa yau ba wanda ya san kabarinsa. Isra'ilawa sun yi masa makoki kwana talatin ba gawa a gabansu. Amma a kan dutsen da kamannin Yesu suka sāke, ga Musa tsaye yana magana da shi, Bitrus ma ya gane shi. Wanda mutane suka rasa kabarinsa, Allah bai rasa shi ba. Ki haɗa da Wahayi 20:13, inda teku take ba da matattun da ke cikinta. Wa ya taɓa sa alama a kan ruwa?

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki yi musu wa'azin Yakubu da Yusufu. An yi mana shi ba iyaka. An kawo wa Yakubu riga da jini, ya ƙi ta'azantuwa, bayan shekara ashirin da wani abu aka ce masa ɗanka yana da rai a Masar. Labarin gaskiya ne, amma in ka karanta wa macen da take jira, abin da take ji shi ne nata ma zai dawo, Allah kuwa bai yi mata wannan alkawari ba. Mahaifiyata wa'azin nan ne ya hana ta yin makoki har ta mutu.

Malam Katikis, ka yi mini gafara, ban yarda a tsare kuka a Asabar kaɗai ba. Hawaye ba ya duba kalanda.

Baba Fasto mai ritaya, Garwa

'Yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Na yi shekaru ina aikin ikilisiyar Lutheran a ƙauyukan bakin Binuwai da kewayen Garwa, da Fulatanci da Hausa, na binne mutane da yawa, na kuma zauna da waɗanda ba su sami abin binnewa ba. Abin da Katikis ya faɗa game da Asabar yana da kyau, ki ɗauka. Amma a kan Lahadi ina bayan malaminmu na Njamena, kuma dalilina yana cikin surar da ta tsayar da ke. Ki buɗe ta mu bi a hankali.

Yahaya ya ce da sauran duhu Maryamu ta je. Ta ga an kawar da dutsen, ba ta yi guɗa ba, ta ruga da gudu tana cewa an ɗauke Ubangiji. Wato farkon abin da kabarin nan ya jawo wa mace ranar Ista shi ne ƙarin baƙin ciki. An kashe shi ran Juma'a tana kallo, yanzu gawar ma an hana ta. Sau uku take maimaita maganar: ga Bitrus da ɗaya almajirin a aya 2, ga mala'iku a aya 13, ga wanda ta zaci mai lambu ne a aya 15. Yahaya ba mai ɓarnar takarda ba ne. Da kukan nan abin kunya ne ranar tashin Ubangiji, da bai rubuta shi sau uku ba.

Ki lura da aya 10 da 11. Mazan biyu sun shiga, sun ga likkafani, sun ga mayafin kai a naɗe waje ɗaya, suka koma gida. Ita ta tsaya a bakin kabarin tana kuka. Kuma ita ce ta fara ganinsa. Ban ce kukan ne ya saya mata wannan ba, alheri ne. Amma Yesu yana da zaɓi a safiyar nan. Yana iya zuwa wurin Bilatus, ko majalisa, ko ɗakin da almajirai suka kulle kansu. Ya fara da macen da take neman gawa.

Me ya ce mata? Mala'iku sun tambaye ta dalilin kukanta, shi ma ya tambaye ta, ya ƙara da cewa wa take nema. Ya san amsar, amma ya bar ta ta faɗa da bakinta. Bai ce mata ina bangaskiyarki ba. A hanyar Imuwasu ya tsauta wa mazan nan biyu saboda nauyin zuciyarsu, Toma ma ya sha 'yar magana bayan kwana takwas. Maryamu ko kalma ɗaya ta tsautawa ba ta samu ba. Amsarta kuwa duk lokacin da na karanta sai idona ya cika: in kai ka ɗauke shi, gaya mini inda ka sa shi, ni zan ɗauke shi. Mace ɗaya, ga gawar babban mutum, wadda Nikodimu ya naɗe da mur da al'ul fiye da kilo 30. Ba ta yi lissafin nauyi ba. Ke kin san wannan zuciyar fiye da ni. Da yau za a ce miki ga inda maigidanki yake a bayan dutse, da kin tashi ko da dare ne.

Sai ya kira sunanta. A sura 10 ya riga ya ce makiyayi yakan kira tumakinsa da sunayensu, su kuma sun san muryarsa. Abin da za ki ba matan nan ke nan: wanda ya tashi ya san sunan kowace ɗaya a cikinsu, ya kuma san sunan wanda kowace take nema, da wurin da yake kwance ko yake zaune a yau.

Amma ki faɗa musu gaskiya duka, kada ki rage. Maryamu ta sami nata a safiyar nan, ku ba ku samu ba tukuna. Kada ki ɓoye wannan bambanci, za su gane kina lallashinsu. Bulus a 1 Korantiyawa 15:20 ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci. Ku manoma ne. Yanzu haka a filayen Marwa ana kan girbin masakwa, kuma kin san ranar da aka yanko zangarniyar farko aka kawo gida, gonar tana nan tsaye ba a girbe ta ba, amma maigida ya riga ya san shekara ta yi. A tsakanin nan muke zaune, mu duka. Shi ya sa a 1 Tasalonikawa 4:13 Bulus bai ce kada mu yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada mu yi irin na marasa bege.

Game da tsoron ɓata wa ikilisiya rana: Markus ya rufe labarin matan a 16:8 da cewa sun fita da gudu suna rawar jiki don tsoro. Matiyu ya ce tsoro da babban farin ciki tare. Safiyar Ista ta farko ba ta da tsabtar da muke so mu ba ta. In kuka ya ɓarke, ki tsaya, ki bari ya wuce, sa'an nan ki karanta aya 16 zuwa 18. Yesu bai bar ta a bakin kabari ba, ya aike ta wurin 'yan'uwansa da saƙo, ta je ta ce ta ga Ubangiji. A nan ne za a buga tulun. Yaran da Katikis yake tunani, gara su ga iyayensu mata sun yi kuka sun kuma tashi sun yi rawa a sujada ɗaya, domin su ma rayuwa za ta nemi haka a wurinsu.

Ki sanar da fastonku tun yanzu abin da kike shirin yi, kada ya zo masa ba zato.

Katikis, Marwa

Baba, na karɓa. Mu ma ayoyin nan, 11 zuwa 18, ana karanta su a Mas ran Talatar makon Ista, kuma a 2016 Fafaroma Francis ya ɗaga ranar tunawa da Maryamu Magadaliya, 22 ga Yuli, ta zama idi kamar na manzanni, domin ita aka aika wurinsu. Damuwata ɗaya ce, kada a bar macen da abin ya fi ƙarfinta ta koma gida ita kaɗai bayan an tashi. A sa wasu su raka ta, su ci abincin rana tare.

'Yar kwaya, Ngaundere

Mama, ni yarinya ce a cikinku, amma ina da abu biyu. Kakata tana Minawawo, na san irin zaman.

Na farko, in za ku kira sunaye a sujada, ku yi hankali da yadda za a faɗa. Akwai uwar da in aka sa sunan 'yarta cikin matattu, ba za ta sake taka majami'ar ba, domin akwai waɗanda suka fito daga daji bayan shekaru, wasu har da 'ya'ya. Ku bar kowace mace ta faɗi sunan da bakinta in tana so, jama'a su amsa da abu ɗaya, kamar “Ubangiji ya san inda yake.” Wannan gaskiya ce ko yana raye ko ya rasu.

Na biyu, wadda ba ta taɓa kai suna wurin ƙungiyar Red Cross ba, ta kai. Suna da sashen neman dangin da suka ɓace, ba a biyan ko sisi. A 2019 sun ce kusan mutum 22,000 ne aka rubuta musu a Najeriya kaɗai, fiye da rabi yara ne lokacin da suka ɓace. Ba kowa ake samu ba, amma ana samun wasu. Addu'a ba ta hana cika takarda.

Mamar Zumunta, Mokolo

Na gode, na gode, Allah ya sāka muku. Yarinyata ta karanta mini duka, na sa ta maimaita na Baba Fasto. Babanmu na Njamena, Ubangiji ya ta'azantar da gidanku, ban san ku ma kun sha wannan ƙoƙon ba. Na karanta wa matan ayar Musa jiya Laraba, wata tsohuwa ta ce a sake karantawa, aka sake.

Na je wurin fastonmu, ya yarda. Ran Alhamis akwai wankin ƙafa da Jibin Ubangiji kamar yadda muka saba tun a gida. Asabar da la'asar mata za mu taru a gindin dogon yaron da ke bayan majami'a da Zabura 88. Lahadi da asuba zan karanta Yahaya 20 daga aya 1 zuwa 18, in tsaya a 15 a kira sunaye yadda 'yata ta Ngaundere ta ce. Mun raba kanmu biyu biyu saboda rakiya, kowa kuma za ta kawo abin da ta samu a dafa wuri ɗaya. Masu ɗan hali a cikin gari sun ce kuɗin naman Juma'o'in nan za su sayi dawa da shi a kai sansani.

Baba Fasto, akwai sauran magana da ta taso jiya bayan an tashi. Wata yarinya a cikinmu, auren wata bakwai aka yi mata kafin gudun, mijin ba labari har yau. Yanzu ta haura talatin, wani mai bi mutumin kirki ya fito yana nemanta. Iyayen mijin suna nan tare da mu, uwar ta ce muddin ba ta ga kabarin ɗanta ba, matarsa matarsa ce. Yarinyar ta riƙe hannuna tana tambayata ko zunubi ne in ta amsa. Na ce ta bari Ista ta wuce mu kai maganar gaban dattawa. A ikilisiyoyin da ka yi aiki, yaya kuka yi da irin wannan, kuma wa ya kamata ya fara zuwa wurin uwar mijin?